Ɗigon kwantam, ƙwayar lantanaid ko tsohon rini: wanne ya dace da ɗaukar hoton cikin dabba mai rai?

Duk wanda ya taɓa kifa tafin hannunsa a kan tocila cikin duhu ya riga ya ga matsalar da masu ɗaukar hoton cikin jiki da haske suke fama da ita. Hasken da ya shiga fari ne, amma wanda ya fito ta bayan hannu ja ne, domin jini ya shanye shuɗi da kore ya bar jan kaɗai ya wuce. Sannan duk da cewa hasken ya ratsa hannun, ba a ganin ƙashi ko ɗaya, sai wani ja mai kama da garwashi da ya bazu ko'ina, saboda fata da kitse da tsoka sun yi ta karkatar da shi hagu da dama har ya ɓata hanyar da ya biyo. Shanyewa da warwatsuwa ke nan, kuma duk ƙwayar da aka saka a jikin ɓera domin a ga inda ta nufa, sai haskenta ya tsallake waɗannan biyun kafin ya isa kyamara.

Ƙyallin da ake nufi a nan shi ne a haska abu da haske mai wani tsawon zango (ma'aunin da ke bambanta launukan haske, ana auna shi da nanomita), ya shanye shi, sannan ya mayar da wani hasken mai zango daban, wanda kyamara za ta iya ware shi da matacin haske. Ƙwayoyin nano kuwa su ne waɗanda girmansu yake tsakanin nanomita 2 zuwa 100, alhali kaurin silin gashin mutum ya kai nanomita dubu 50 zuwa dubu 100. Mai bincike da ke son ya bi diddigin magani, ko ya ga iyakar ƙari, ko ya kalli gudun jini ba tare da ya yanka dabbar ba, yana da zaɓi da yawa a gabansa, kuma kusan kowane iri da shi da masu kare shi. Ra'ayina shi ne ƙarfin haske, wanda shi ake fara tallatawa, bai kamata ya zo farko a lissafi ba. Gabaninsa akwai tambayoyi uku: wane zango kyamarar da ke hannu take gani, ta wace hanya ƙwayar za ta fita daga jiki, kuma tsawon wane lokaci ake son a ci gaba da ganinta.

A fara da zango. Himogilobin na cikin jini yana shanye haske sosai a ƙasa da nanomita 600, ruwa kuma yana fara shanyewa da ƙarfi idan aka haura 900, don haka tsakanin kusan 650 da 900 akwai wani sarari da ake kira taga ta farko, inda haske ya fi samun hanya. A shekarar 2009 ƙungiyar Hongjie Dai ta Jami'ar Stanford a Amurka ta nuna hoton cikin ɓera da hasken da ya wuce nanomita 1,000, daga nan aka juya ga taga ta biyu, wadda ta tashi daga 1,000 zuwa kusan 1,700. Gaskiya ne ruwa ya fi shanye haske a can, amma warwatsuwa tana raguwa yayin da zango ke ƙara tsawo, kuma ƙyallin da jiki ke fitarwa da kansa kusan ɓacewa yake yi, sai hoton ya fito tsaf. A 2014 wannan ƙungiyar ta ɗauki hoton magudanan jinin ƙwaƙwalwar ɓera ta cikin fata da ƙoƙon kai ba tare da an huda ba, a zango 1,300 zuwa 1,400. Sai dai akwai wani sharaɗi da ke yanke hukunci tun kafin a sayi ƙwaya: kyamarar silikon, wadda ita ce a cikin yawancin akwatunan ɗaukar hoton ƙananan dabbobi, tana makancewa idan aka doshi nanomita 1,100. Taga ta biyu tana buƙatar kyamarar InGaAs, mai idon indiyom da galiyom da asenik a madadin silikon, wadda sai an sanyaya ta sosai, ta fi tsada nesa ba kusa ba, kuma yawancinsu ɗigogin hotonsu bai wuce 640 a 512 ba. Wanda ba shi da ita kuma ba ya shirin samunta, rabin zaɓin ya riga ya fita daga lissafinsa.

Ya kamata a faɗi gaskiyar zurfi tun yanzu. Hoto mai kaifi a milimita 'yan kaɗan ake samunsa, kuma ko a yanayi mafi kyau sigina ba ta wuce santimita ɗaya ko biyu. Wannan ya isa ga ɓera, ya kuma isa ga likitan tiyata da ya riga ya buɗe wurin, amma mai son ganin tsakiyar hantar babbar dabba ta bayan fata ya nemi na'urorin hoton asibiti irin su PET ko MRI, domin babu ƙwayar da za ta canza halin haske a cikin nama.

Ma'aunin da ya dace a gwada kowace sabuwar ƙwaya da shi shi ne tsohon rinin nan ICG, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi tun 1959. Ba ƙwayar nano ba ne, rini ne zalla, yana shan haske a wajen nanomita 800 ya mayar a wajen 830. Da zarar ya shiga jini sai ya manne da furotin, hanta ta kwashe shi ta zubar ta cikin matsarmama, kuma rabinsa yana barin jini cikin minti 3 zuwa 4. Aibinsa sananne ne: yana koɗewa idan aka daɗe ana haska shi, kamar yadda rini ke koɗewa a rana, yana lalacewa cikin sa'o'i bayan an narkar da shi a ruwa, ba ya nufin wani ƙari na musamman, kuma saurin fitarsa bai bar lokaci ga dogon kallo ba. Amma a 2018 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun nuna cewa wutsiyar haskensa tana miƙewa har cikin taga ta biyu, kuma tana da ƙarfin da kyamarar InGaAs za ta ɗauka, sannan a 2020 aka ba da rahoton tiyatar kansar hanta a ƙasar Sin wadda aka yi da wannan dabarar a jikin mutane. Saboda haka idan aikin bai wuce kallon gudun jini na 'yan mintoci ba, ko aikin hanta, ko bin magudanan kaluluwa, da wuya a sami hujjar barin ICG a koma ga ƙwayar da ba a gama sanin makomarta a jiki ba. Ba ƙaramin abin lura ba ne cewa sababbin abubuwan da aka amince da su domin haska kansa yayin tiyata, irin su pafolacianine a 2021, su ma rini ne da aka ɗaura wa abin da ke gane ƙari.

Ɗigon kwantam shi ne ya fi suna a cikin ƙwayoyin, kuma ya cancanci sunan. Aikin Alexei Ekimov da Louis Brus a farkon shekarun 1980, da hanyar haɗawa da Moungi Bawendi ya fito da ita a 1993, su suka ba su kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2023. Ɗan ƙaramin kiristal ne wanda girmansa ke yanke launinsa: na kadmiyom da seleniyom mai nanomita 2 yana ba da haske tsakanin shuɗi da kore, mai nanomita 6 kuma ja. Yana shan haske daga zanguna masu faɗi amma ya mayar da shi a siriri, don haka fitila guda tana iya kunna launuka huɗu ko biyar a lokaci ɗaya ba su cakuɗe ba, kuma yana jure haskawa na tsawon lokacin da rini zai riga ya mutu. An fara amfani da shi a binciken halittu a 1998, a 2002 aka saka shi a ƙwan wani kwaɗo aka bi zuriyar tantanin da ya ɗauke shi har ya zama talibambam, a 2004 kuma Bawendi da John Frangioni suka yi allurarsa a fatar alade suka ga kaluluwar da ke zurfin santimita ɗaya tana haske, har aka bi hasken aka cire ta. Idan tambayar ita ce wace ƙwaya ce ta fi dacewa da bin tantanin halitta na makonni, ko rarrabe alamomi da yawa a ƙari ɗaya, har yau ba a ture ɗigon kwantam ba.

Matsalarsa ta fito fili idan aka ajiye ɓeraye biyu a kan faranti mai ɗumi a cikin akwatin kyamara, kowanne da hancinsa cikin bututun iskar sa barci, aka yi musu allura ta jijiyar wutsiya. Na farko an ba shi ɗigo mai kaurin riga, wato sinadarin da ake lulluɓe ƙwaya da shi domin ta zauna a ruwa da jini, wanda girmansa a cikin ruwa ya kai nanomita 20. A daƙiƙun farko za a ga jijiyoyi sun bayyana kamar saiwoyi, huhu da zuciya su yi haske, amma kafin awa ɗaya ko 'yan sa'o'i sai hasken ya tattaru a saman ciki, inda hanta take, da wani siriri a gefen hagu, wato saifa. Washegari yana nan, mako mai zuwa yana nan. Na biyu an ba shi ƙwaya ƙarama ƙwarai, kuma a jikinsa ƙodoji biyu ne za su fara haske ta baya kamar wake biyu, sannan wani dunƙule ya bayyana a ƙasan mara, mafitsara ke nan tana cika, bayan sa'o'i kuma jikin ya koma duhu. Abin da ya raba su shi ne matatar ƙoda. Binciken Hak Soo Choi da Frangioni na 2007 ya nuna cewa ɗigon da girmansa, har da rigarsa da ruwan da ke manne da ita, bai kai nanomita 5.5 ba, yana fita ta fitsari, wanda ya wuce haka sosai kuwa ƙoda ba ta tace shi. Sharaɗin kuma shi ne kada rigar ta jawo furotin na jini, domin idan furotin ya lulluɓe ƙwaya mai nanomita 5, nan take ta zama mai 15, sai tantanin Kupffer na hanta, masu share baƙin abu daga jini, su haɗiye ta.

Ga ɗigon kadmiyom wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin kadmiyom guba ne da ke taruwa a ƙoda da hanta, kuma a jikin mutum yana ɗaukar shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita. Ɓawon zinki da kibiritu da ake lulluɓe shi da shi yana tsare gubar, amma ba wanda zai rantse cewa ɓawon zai dawwama. An ga hasken ɗigogi a jikin ɓeraye shekara biyu bayan allura, launinsu ya karkata zuwa shuɗi, alamar cewa suna zaizayewa a hankali. Gwajin da aka yi a jikin birai aka buga a 2012 bai ga alamar cuta a jini ko a gaɓoɓi ba cikin kwana 90, amma ya tarar da mafi yawan kadmiyom ɗin yana nan a hanta da saifa da ƙoda. Masu goyon baya sukan kawo rabin farko na wannan sakamakon, masu adawa su kawo rabi na biyu, kuma dukansu gaskiya suka faɗa. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne ɗigon kadmiyom kayan aiki ne mai kyau a ɓeran da gwajinsa zai ƙare cikin makonni, amma wanda burinsa ya kai aikinsa asibiti ya san cewa ya ɗauki hanyar da hukumomin amincewa da magani ba sa son bi.

Ƙoƙarin kauce wa kadmiyom ya haifar da dangi da yawa. Na indiyom da fosforas ya dace da ja da farkon taga ta farko, sai dai haskensa ya fi faɗi kuma yana saurin lalacewa idan ɓawonsa bai yi kyau ba. Na azurfa da kibiritu yana haske a wajen nanomita 1,200, ba ya narkewa a ruwa da sauƙi, don haka ana ɗaukarsa a matsayin mai sauƙin haɗari, amma haskensa matsakaici ne. Masu haske sosai a taga ta biyu su ne na dalma da kibiritu da kuma na indiyom da asenik, kuma sunayensu kaɗai sun isa su nuna cewa an gudu ne ba a tsira ba: an bar guba ɗaya an kama wata. Duk da haka, inda ake buƙatar hoto mai sauri, kamar ƙirga bugun zuciya da numfashin ɓeran da ke farke yana yawo, ko auna gudun jini a ƙananan magudanan ƙari, ƙarfin haskensu ne ke ba da damar rage lokacin ɗaukar kowane hoto.

Ƙwayoyin lantanaid, wato na wani rukunin ƙarafa, aikinsu daban ne, kuma a nan ne aka fi yin kuskuren zaɓi. Kiristal ne, galibi na sodiyom da itriyom da fuloraid, wanda aka barbaɗa wa atom na itabiyom da na abiyom ko tuliyom. Itabiyom yana shan hasken nanomita 980 ya miƙa ƙarfin ga maƙwabcinsa sau biyu ko fiye, shi kuma ya haɗa su ya fitar da haske mai gajeren zango: kore da ja daga abiyom, shuɗi da na 800 daga tuliyom. François Auzel ya bayyana wannan a Faransa tun 1966. Fa'idarsa babba ce, domin nama ba ya iya ɗaga haske haka, saboda haka duk abin da kyamara ta gani daga ƙwayar ya fito, kuma kyamarar silikon ta isa. Ba sa koɗewa, ba sa ƙyaftawa, kuma haskensu yana daɗewa daga mikrodaƙiƙa zuwa milidaƙiƙa bayan an kashe leza, alhali na jiki yana mutuwa cikin nanodaƙiƙa, sai a jinkirta buɗe kyamara kaɗan a ɗauki hoton da babu hazo a cikinsa.

Amma suna da rauni biyu da ke taimakon juna. Atom na lantanaid ba sa shan haske da yawa, kuma a ƙananan ƙwayoyi kason da ake mayarwa sau da yawa bai kai 1 cikin 100 ba, don haka dole a yi amfani da leza mai ƙarfi. Ga shi kuma ruwa yana shan hasken 980 ninki sama da ashirin a kan na 808, wato ƙarfin da ake buƙata shi ne ke ɗumama fatar dabbar, har aka koma sanya neodimiyom domin a iya kunnawa da 808. Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci ga mai neman zurfi: tunda sai an haɗa haske biyu kafin a fitar da ɗaya, idan hasken da ya isa ƙwayar ya ragu da rabi, abin da take mayarwa yana iya faɗuwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙwayar da ke walwali a ƙarƙashin fata tana iya yin shiru ɗungurungum a zurfin milimita 'yan kaɗan, kuma idan abin da take fitarwa kore ne, jini zai shanye ragowar. Shi ya sa nake ganin mai son zurfi ya bar ɗaga haske ya ɗauki hasken abiyom na ƙasa, wato mai dogon zango, wanda ke fitowa a wajen nanomita 1,525 zuwa 1,550, inda hoto ya fi kaifi, idan yana da kyamarar. Ɗaga haske ya fi amfani inda ake son kunna fitila a cikin jiki, misali a motsa jijiyoyin ƙwaƙwalwa masu amsa shuɗin haske, ko gwajin 2019 da aka yi wa ɓeraye allurar ƙwayoyin a ido suka fara ganin hasken da idonsu ba ya gani a da. Girmansu kuma, wanda yawanci yake tsakanin nanomita 20 da 50 saboda ɓawon da ke kare haskensu daga ruwa, ya sa makomarsu hanta ce da saifa.

Wanda ya sa fita daga jiki a gaba, iri biyu ne suka fi dacewa da shi. Na farko ƙwayar silika ce mai rini a ciki, wadda Ulrich Wiesner ya ƙirƙiro a Jami'ar Cornell, aka kai ta asibiti tare da Michelle Bradbury ta cibiyar kansa ta Memorial Sloan Kettering da ke New York. Girmanta nanomita 6 zuwa 7 ne, silikar tana ƙara wa rinin haske da juriya, an ɗaura mata ɗan guntun furotin mai neman ƙari, kuma tana fita ta fitsari. Rahoton gwajinta na farko a jikin mutane ya fito a 2014, a majinyata biyar masu kansar fata da ta bazu, kuma yana da kyau a lura cewa a wannan gwajin da alamar iyodin 124 da na'urar PET aka bi ta, domin hasken rinin ba zai fito daga cikin jikin mutum ba. Na biyu dunƙulen zinare ne na atom 'yan kaɗan, irin mai atom 25, wanda da rigarsa bai kai nanomita 3 ba, yana haske daga ja har zuwa bakin taga ta biyu, kuma Jie Zheng na Jami'ar Texas da ke Dallas ya yi amfani da irinsa wajen auna aikin ƙoda. Haskensa ba shi da ƙarfi. Haka abin yake ga duk wannan ajin: ƙanƙanta tana ba da hanyar fita, amma tana rage haske da lokacin zama a jini, tana kuma rage wurin da za a ɗora magani. Sannan wanda ke nazarin mafitsara ko abin da ke kusa da ita ya sani cewa fitsarin da kansa zai zama fitilar da ta fi komai haske a wurin.

Dangin kabon ba sai an daɗe a kansu ba. Bututun kabon mai bango ɗaya shi ya buɗe taga ta biyu, ba ya koɗewa, amma haskensa kaɗan ne, tsawonsa yakan kai ɗaruruwan nanomita, kuma kowane haɗi gauraye ne na nau'o'i masu zango daban-daban sai an tace. Ɗigon kabon yana da sauƙin haɗawa, sai dai yawancinsa shuɗi ko kore yake bayarwa, daidai inda jini ke shanyewa kuma fata ke nata ƙyallin. A jikin ɗan kifin zebra, wanda ake ganin cikinsa kamar gilashi, wannan ba aibi ba ne, kuma a irin wannan dabbar duk maganar taga ta faɗi; a jikin ɓera kuwa ɓata lokaci ne. Ƙurar daimon ba ta koɗewa ko kaɗan, amma sai ta yi girma take haske yadda ya kamata. Waɗanda suka fi ba ni sha'awa su ne ƙwayoyin polima da na rinin da ke ƙara haske idan ya dunƙule, abin da Ben Zhong Tang ya bayyana a Hong Kong a 2001, saboda suna da haske sosai kuma babu ƙarfe mai guba a cikinsu, ko da yake rashin ƙarfe ba ya nufin jiki zai iya narkar da su, kuma girmansu yakan kai su hanta kamar sauran.

Idan aikin na neman ƙari ne, akwai lissafin da ya kamata a riƙe. Tun 1986 Matsumura da Maeda suka bayyana a Japan cewa magudanan jinin ƙari suna yoyo, manyan abubuwa su shiga su maƙale, kuma a kan wannan aka gina fata mai yawa. A 2016 ƙungiyar Warren Chan ta Jami'ar Toronto ta tattara binciken shekara goma ta gano cewa tsaka-tsakin abin da ke isa ƙari kashi 0.7 ne cikin 100 na abin da aka yi allura. An yi ta muhawara a kan hanyar lissafin, amma ga mai ɗaukar hoto darasin wani ne: abin da ke nuna ƙari shi ne bambancin haskensa da na naman da ke kewaye da shi. Babbar ƙwaya mai rigar PEG (wani sinadarin polima da ke hana furotin manne mata) tana daɗewa a jini ta taru da yawa, amma sai an jira kwana ɗaya ko biyu jinin ya washe, kuma ƙarin da ke cikin hanta ko kusa da ita ba zai taɓa fitowa ba. Ƙaramar ƙwaya kaɗan take taruwa, amma sauran jiki yana yin duhu da wuri, sai ɗan abin da ya maƙale ya fito sarari. A nan rigar ta fi tsakiyar ƙwayar tasiri, domin jini riga yake gani, kuma ɗigo iri ɗaya da riguna biyu daban zai iya zama kamar abubuwa biyu da ba su san juna ba. Ƙwayoyin da ke da caji mai ƙarfi suna saurin jan furotin, masu caji biyu da suka soke juna kuwa sun fi tsira. An kuma san cewa jiki yana iya haɗa garkuwa a kan PEG, ta yadda allura ta biyu za ta bar jini da sauri fiye da ta farko.

Alƙaluman haske da ake bugawa suna buƙatar taka tsantsan. Kason hasken da ƙwaya ke mayarwa rabin labari ne, ɗaya rabin shi ne yawan abin da take sha tun farko, kuma sau da yawa ana auna kason ne a cikin sinadarin da aka haɗa ƙwayar, kafin a mayar da ita ruwa, inda haske kan faɗi. A taga ta biyu ma rinin da aka daɗe ana auna sauran da shi, IR-26, an yi ta samun saɓani a kan ainihin ƙimarsa, don haka alƙaluman dakuna biyu ba lallai su kwatantu ba. Gwajin da ya fi kowane tebur amfani mai sauƙi ne: a zuba ƙwayoyin da ake tunani a siraran bututu, a narke su cikin ruwan jini maimakon ruwa zalla, a daidaita su a kan yawan da za a iya yi wa dabba allura, a nutsar da su cikin farin ruwan kitse mai kwaikwayon warwatsuwar nama a zurfin milimita 2, 4, 6 da 8, a ɗauka da kyamarar da za a yi aikin da ita da ƙarfin lezar da fata za ta jure. Sau da yawa jerin da aka zo da shi daga takarda yakan juye a nan, kuma ba a taɓa dabba ko ɗaya ba.

Wasu abubuwan da ke ɓata hoto ba su da alaƙa da ƙwayar, amma ita ake ɗora wa laifi. Abincin ɓerayen gwaji da ke ɗauke da ciyawar alfalfa yana da sinadarin koren ganye, wanda ke ƙyalli a wajen nanomita 680, sai hanji ya yi haske kamar an yi masa allura, maganinsa kuma a sauya abincin kwanaki kafin a fara. Gashi yana warwatsa haske, baƙar fata tana shanye shi, kuma ɓera baƙi da aka aske yakan fitar da tabon duhu idan gashin ya fara dawowa. Haka nan hasken da aka gani daga waje ba ma'aunin yawa ba ne, domin ƙwaya kaɗan a ƙarƙashin fata ta fi mai yawa a cikin ciki haske. A nan ƙwayoyin ƙarfe suna da wata fa'ida da ba a cika ambata ba: a ƙarshen gwaji ana iya narkar da gaɓoɓin a auna zinare ko azurfa ko itriyom ɗin da ke ciki daidai, a kwatanta da hoton. Ƙwayar da rini ne kawai aka liƙa mata ba ta da wannan shaidar, kuma idan rinin ya rabu da ita a jini, mai bincike zai yi ta bin rinin yana zaton ƙwayar yake bi.

Babbar hujjar ɗaukar hoto a dabba mai rai ita ce a bi ɓera ɗaya tsawon makonni maimakon a yanka rukuni a kowane mataki, wanda ya dace da ƙa'idar rage yawan dabbobin gwaji da Russell da Burch suka shimfiɗa a 1959. Amma dogon bibiya iri biyu ne, kuma suna buƙatar ƙwayoyi masu kishiyantar hali. Idan tantani aka yi wa alama sau ɗaya ana son a ga inda za su je, ana buƙatar ƙwayar da ba ta koɗewa kuma ba ta fita, wato ɗigon kwantam ko lantanaid ko daimon, tare da sanin cewa alamar tana raguwa da rabi duk lokacin da tantanin ya rabu, kuma idan ya mutu wasu tantanin za su haɗiye ta su ci gaba da haske a madadinsa. Idan kuwa ana son a auna abu ɗaya kowane mako, kamar yadda ƙari ke amsa magani ko yadda ƙoda ke murmurewa, dole allurar wannan makon ta riga ta fita kafin ta mako mai zuwa ta shigo, in ba haka ba hoton mako na uku zai zama tarin allura uku da ba za a iya raba su ba. Ga irin wannan aikin sai ICG, ko dunƙulen zinare, ko ƙaramar silika, kuma kafin kowace allura a ɗauki hoton dabbar tukuna a tabbatar ta koma duhu.